TAFA4: Ɗan Aiken Da Ke Kwantar Da Zogi

Manomin Dutsi da ya yini a sunkuye yana huɗa ya san ciwon baya. Mai sikila kuma ya san zogin da ke hana barci. Neman sauƙin irin wannan ciwo yana cikin abin da ya jefa matasanmu da yawa cikin shan tiramol ba bisa ƙa'ida ba. Muna kuma tune da yadda shan maganin tari mai kodin ya yi ƙamari, har gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018. To, ashe a cikin jikinmu akwai wani ɗan aike mai kwantar da zogi.

A 2004 masana suka bayyana wasu ƙwayoyin gado guda biyar 'yan gida ɗaya, daga TAFA1 zuwa TAFA5, waɗanda aka fi samun aikinsu a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar gado umurni ce da muka gada daga iyaye, wadda ke gaya wa jiki irin furotin da zai ƙera. Furotin ɗin waɗannan biyar ya yi kama da kemokain, wato saƙon da ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin rauni.

A 2013, a birnin Marseille na Faransa, Aziz Moqrich da abokan aikinsa suka gano TAFA4 a jijiyoyin da ke jin shafa mai taushi a fata. Ɓerayen da aka cire musu wannan ƙwaya sun daɗe suna jin zafi bayan rauni. Da aka yi musu allurar furotin ɗin a kusa da laka, sai zafin ya lafa. A 2020 aka kafa kamfanin Tafalgie domin neman maganin ciwo ta wannan hanya, wanda ba dangin tiramol ba ne.

Amma mu yi hattara: ɓera ba mutum ba ne, kuma har yanzu babu maganin TAFA4 a kemis. Duk wanda ya tallata mana shi a kasuwa, kuɗinmu yake so. Kafin binciken ya nuna, mai ciwon da ya ƙi tafiya ya je asibiti, a Dutsi ko Daura ko Katsina, a nemi tushensa. Iyaye kuma mu sa ido a kan abin da 'ya'yanmu ke haɗiya kafin su tafi gona.