YARON DA KE TAUNA RIGARSA KO HUDA TA

Babu malamin da zai daɗe yana koyarwa a aji ɗaya ko aji biyu bai gamu da yaron da wuyan rigarsa kullum a jiƙe ya ke da miyau ba. Wani kuma za a ga ya sa reza ko almakashi ya huda wandonsa. Iyaye su na kuka, domin kuɗin tela ba wasa ba ne, malami kuwa sai ya ɗauki bulala. To, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, kafin mu ɗauki bulalar, bari mu tambayi dalili, gama ruwa ba ya tsami banza.

Da fari dai mu san cewa jariri da baki ya ke binciken duniya. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 yaro ya na koyo ne ta taɓawa da ɗanɗanawa da motsa jiki. Haƙoran nono 20 ne, su kan fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Tauna a wannan lokaci ba abin damuwa ba ce. Wajen shekara 6 kuma sai famfara ta fara, sababbin turame su tsiro daga can ciki, dasashi ya riƙa ƙaiƙayi. Wannan kuwa daidai lokacin shiga firamare ke nan, shi ya sa abin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa.

Dalili na biyu shi ne tsoro da damuwa. Tauna ta na kwantar wa mutum da hankali, kamar yadda babba ya kan ciji bayan biro in lissafi ya cije masa. Yaron da aka yi wa ƙane, ko wanda aka kai riƙo, ko wanda manyan yara ke cin zalinsa a hanya, ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ke ransa, sai ya huce a kan riga. Akwai kuma yaran da jikinsu ke neman tauna fiye da na saura. A kan sami haka da yawa ga masu halin da a ke kira otizim, wanda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka cikin 1943. Amma fa tauna riga ita kaɗai ba ta isa a ce yaro ya na da shi ba.

Na uku, a lura ko yaron haɗiye zaren ya ke yi. In ya wuce shekara 2, ya kuma yi wata guda ko fiye ya na cin abin da ba abinci ba, kamar ƙyalle ko ƙasa ko alli, likitoci na kiran wannan pika. Sau da yawa ya na tafiya tare da ƙarancin jini, tsutsar ciki kuwa ta na cikin abubuwan da ke kawo ƙarancin. Wannan aikin asibiti ne, a gaya wa iyaye su kai shi ba tare da jinkiri ba, domin zare ya kan cure a ciki, maɓalli kuma ya kan shaƙe yaro.

Huda tufafi kuwa galibi son gwaji ne. Yaro ya koyi riƙe almakashi, ya na so ya ga me kuma zai yanku ban da takarda. Wani kuma ɗinkin ne ko 'yar takardar da ke bayan wuya ke sukarsa, ya ke neman cirewa. A nan malami zai yi babban taimako, don a gidaje da yawa in an ga an yanke gefen rigar yaro, sai a fara zargin sammu, rigima ta tashi tsakanin kishiyoyi ko maƙwabta, alhali rezar fiƙe fensir ce ta yi ɓarnar.

Me malami zai yi? Ya fara da lura har mako guda, ya na rubuta lokacin da abin ke faruwa: ko a darasin lissafi ne, ko gab da tara sa'ad da yunwa ta taso, ko in an tsawata. Sa'an nan ya gana da iyaye a asirce, ya ji yadda gida ya ke. Kada a doke shi, kada a tsai da shi gaban aji a yi masa dariya, kada kuma a shafa barkono ko maɗaci a rigar. Duk waɗannan tsoro su ke ƙarawa, tsoron kuwa shi ke kawo taunar.

Maimakon haka a ba bakin da hannun aikin yi. A gida a ba shi rake ko karas ko asawaki. A aji a sa shi goge allo da raba littattafai da ginin yumɓu da saƙar kaba. Malami ya shirya wata alama da shi, kamar taɓa kafaɗa, wadda sauran yara ba za su gane ba. Ran da rigar ta wuni a bushe, a yaba masa. Mai yanka kuwa a tara masa tsofaffin jaridu da ƙyallayen tela, a ce waɗannan ne na yankawa, tufafin sawa ba a taɓa su. A ƙidaya almakasai bayan darasin aikin hannu, a hana shiga aji da reza. In ya kai shekara 7 ko 8, a ba shi allura da zare ya taya ɗinke hujin, ya san wahalarsa. Amma in an ga ya na yankan jikinsa ma, lalle a sanar da hedimasta da iyaye ran nan, a nemi likita.

Hali ba ya sakuwa dare ɗaya, sai an yi makonni a na haƙuri. Yawancin yara su kan bari da kansu in abin da ke damunsu ya gushe. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.