Kano A Tsofaffin Hotuna Da Kano Ta Yau

Cikin ayyukan da muka ɗauka a darasin Tarihi na bana akwai kwatanta tsofaffin hotunan birnin Kano da yadda gine-ginensa suke a yau. Mun zaɓi Kano ne domin tana cikin biranen Arewa da aka fi ɗauka a hoto tun daga 1903, shekarar da sojojin Ingila suka ci birnin. Ban da wannan kuma, da yawa daga cikinmu suna da dangi a Sabon Gari ko Fagge, saboda haka ba wuya a sami wanda zai je ya duba wuri da idonsa lokacin hutu. Hotunan kuwa, wasu suna cikin littattafan tarihi, wasu an kafe su a ɗakunan Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne kusa da fadar Sarki.

Abu na farko da mai wannan aiki zai yi shi ne ya nemi abin da ba ya motsi. Gida yakan rushe, itace yakan faɗi, hanya takan sake wuri, amma dutse yana nan inda Allah ya ajiye shi. A Kano akwai Dala da Goron Dutse. Idan ɗayansu ya fito a bayan hoto, to, an sami bakin zare, domin daga siffarsa za a gane ta wane gefe mai hoton ya tsaya. Sai a je a tsaya daidai wurin, a ɗaga tsohon hoton a gaban ido, a sauke shi, a dubi abin da ke gaba. Wani lokaci ba a iya tsayawa a wurin ma, don an yi shago a kai, ko kuwa ya zama tsakiyar titi.

Wanda ya hau Dala da tsohon hoto a hannu zai fara lura da launi da kuma rufi. A tsohon hoto gari duka soraye ne na ƙasa, rufinsu a shafe, da zankwaye a kusurwoyi kamar kunnuwan zomo, da indararo yana leƙowa daga kowane bango. Tsakanin unguwa da unguwa akwai kududdufai da itatuwan dabino, har da gonaki a cikin badala, musamman ta yamma. Yau abin da ido ke gani kwano ne, sabo mai ƙyalli da tsoho mai tsatsa, sai tankunan ruwa da dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Gonakin nan an gine su tun da daɗewa.

Badala ita ce ta fi ba mu aiki, ita ce kuma ta fi ba mu tausayi. Bisa ga littafin Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kuma ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17. Lokacin da Turawa suka zo sun tarar da ita tana kewaye da birni na tsawon kimanin mil 11, da ƙofofi 13, tsayinta a wasu wurare ya haura ƙafa 30. A hotunan wancan lokaci mutum a gindinta kamar tururuwa yake. Ƙofofin kuwa matsattsu ne da gangan, kamar dogon zaure mai duhu, yadda raƙumi da kayansa zai wuce amma rundunar mahaya ba za ta kutsa gaba ɗaya ba.

A yau a wurare da yawa badala ta zama tudun jar ƙasa wanda awaki ke hawa. A wasu wuraren an kwashe ƙasar an yi bulo da ita, a wasu an gina gidaje a kanta, a wasu kuma sai tsoho ya nuna maka da sanda ya ce nan take a da. Ƙofofi da dama sunansu ne kawai ya rage na asali, ginin na siminti ne, an buɗe shi yadda motoci za su wuce ta hannu biyu. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, daga baya aka gina wata. A Ƙofar Nasarawa kuwa gadar sama ce ta fi ɗaukar ido yanzu. Tun 2007 sunan badalar Kano yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya, amma sa suna a takarda bai hana ruwan sama aikinsa ba.

Tambayar da muka daɗe a kanta ita ce: yaya aka yi bangon ƙasa ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, sa'an nan ya zube cikin shekara ɗari? Amsar tana cikin irin ginin. Maginin Hausa yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa na kwanaki, ya mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya shanya a rana. Sai ya jera tubalan, tsini yana duban sama, ya cika tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan yi kauri sosai, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuma da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan ɗaki ya yi faɗi, shi ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaura azara bisa azara ana lanƙwasa su har su haɗu a tsakiya. Duk wanda ya shiga soron Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga wannan gwaninta.

Amma duk ƙwarewar magini, ƙasa ƙasa ce, kuma ruwa abokin gabarta ne. Saboda haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ake kuma shafe rufi da laso. Laso haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin jima daga majema, da dafara. A nan mai karatu zai ga yadda sana'o'i suke riƙe da juna: marina irin ta Ƙofar Mata tana ba magini katsi, majemi yana ba shi gashi. Idan rini ya ja baya, rufin soro ma ya ji a jikinsa. Kuma ko an yi makuba da laso, dole ne kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, a hau a duba tsaga, a toshe, a share bakin indararo, a sake yaɓe.

Ashe ke nan bangon da muke gani sumul a tsohon hoto ba ƙarfin ƙasa kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna cewa a shekarar da aka ɗauki hoton, ko wadda ta gabace ta, wasu mutane sun hau sun yi masa yaɓe. Su ba su fito a hoton ba, amma aikinsu ne ya fito. A zamanin da badala take tsare rayuka, sarki yakan tara jama'a a gyara ta, kowane ɓangare da masu kula da shi. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama a sura ta 3 ta littafin Nehemiya haka aka raba aikin garun Urushalima, har wasu suka gyara sashen da ke daura da gidajensu, aka kuwa gama cikin kwana 52. Bayan 1903 yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, igwa kuma ta riga ta nuna cewa bangon ƙasa ba zai tsare birni ba. Da amfanin badala ya tafi, sai gayyar gyaranta ta bi shi. Sauran aikin damina ce ta yi, da masu ɗibar ƙasa.

Kududdufan da muka ambata su ma suna cikin wannan labari. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen, su ne kuma suke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako. Da aka koma bulo da siminti, sai aka ga ba su da amfani sai tara sauro da shara, aka cike da yawa aka yi gini a kai. Sauro dai gaskiya ne. Amma ruwan da yake sauka cikinsu a da, yanzu sai ya nemi hanya ta cikin lunguna da ɗakunan mutane.

Ba kowane gini ne ruwa ya ci ba, wasu da niyya aka sake su. Tsofaffin hotunan babban masallacin Juma'a na birni suna nuna doguwar hasumiya ta ƙasa, mai kauri, wadda ake hangowa daga nesa. Babu ita yau. Masallacin da ke wurin yanzu, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, an gina shi ne a farkon shekarun 1950, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Dalar gyada kuwa ba gini ba ce, amma babu hoton Kano da ya kai nata shahara, har ta fito a littattafanmu na firamare. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyada ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cikinsa. Jirgi ba ya iya kwashe amfanin shekara da sauri zuwa Ikko, sai a jera buhuna a yi tudu mai tsini, ɗaya yakan ɗauki buhu wajen 15,000. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyada a 1975, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, su suka kawo ƙarshenta. Filayen da take tsayawa a kai yawancinsu an gine su.

Akwai wuraren da tsohon hoto da ginin yau suke kusan daidai, kuma dalili ɗaya ne a ko'ina: ba a bar su ba kowa ba. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa misali ne. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fara zuwa ƙasar nan ne a matsayin ɗan mishan na CMS kafin ya koma aikin gwamnati, shi ne kuma ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Gidansa na ƙasa yana nan da zanen bangonsa, domin ya zama gidan tarihi, ana kula da shi. Haka ma idan muka fita daga Kano muka je Wusasa kusa da Zariya, tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa tana tsaye, don masu bi ba su sake ta ba.

Sai dai kada a ɗauka muna cewa da ta fi yanzu a kowane abu. Tsohon hoto yana da wayo. Yawancin masu kyamara a lokacin Turawa ne, abin da ya burge su suke ɗauka: fada, ƙofar gari, kasuwar Kurmi, hawan salla. Ba su cika shiga cikin gida inda mata suke ba, ba su kuma cika ɗaukar bukkar talaka ba. Da rani suka fi ɗauka, lokacin da bango yake a bushe. Hoto ba ya nuna soron da ya yi yoyo a watan Agusta, ko wanda ya rufta wa masu barci, ko rijiyar da ke kusa da masai. Ruwan famfo da lantarki ba su shiga Kano ba sai farkon shekarun 1930. Magidancin da ya cire rufin ƙasa ya sa kwano ba ƙin al'ada ya yi ba, ya gaji ne da hawa soro kowace shekara da biyan magini. Abin da ya saya da kuɗinsa hutu ne, ko da yake ya haɗa da zafi, domin duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin kwano.

Ga waɗanda ba su da halin zuwa Kano, a gidan tarihi na Jos akwai fili inda aka gina kwafin wani sashe na badalar Kano da na tsohon masallacin Zariya, bisa awon da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya yi. Da ƙasa aka gina su, saboda haka su ma damina ba ta ƙyale su ba.

Wahalar da ta fi damun mu a wannan aiki ita ce hotunan da ba a rubuta musu shekara ko wuri ba. Irin wannan hoto sai dai a yi ta kintace daga irin motar da ta fito a ciki ko ɗinkin rigunan mutane. Da muka duba akwatin hotunan makarantarmu sai muka tarar da yawansu haka suke: ga tsohon ɗakin sujada, ga ɗakunan kwana kafin a sake musu rufi, ga ɗalibai a jere, amma bayan hoton fari fat. Saboda haka muna roƙon tsofaffin ɗalibai da malamai da iyayenmu na ikilisiya, duk mai hoton wani gini na makarantar nan ya ba mu aro ta hannun malamin Tarihi, tare da shekarar da aka ɗauka da sunan ginin. Za mu kwafa mu mayar wa kowa da nasa. Wanda zai yi rubutu a bayan hoto ya yi da fensir, domin tawadar biro takan huda takarda ta ɓata fuskar hoton.