Yaran Kankiya da Kusada sun iya lissafi, tambayar ce ke ɓatar da su

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kankiya, kan hanyar Kano zuwa Katsina, ko ya shiga kasuwa a ƙasar Kusada, zai ga yarinya 'yar shekara bakwai ɗauke da farantin gyaɗa, a yi mata cinikin naira 350, a miƙa mata 500, ta mayar da canjin 150 ba tare da ta ƙirga yatsu ba. Amma a aji biyu na firamare, idan malami ya rubuta wannan ciniki a allo da Turanci, sai ta yi zuru. Daga nan sai a yanke mata hukunci cewa ba ta da kan lissafi. A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin hukuncin nan zalunci ne, domin abin da ya gagare ta jimla ce, ba tarawa ko ɗebewa ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba. A 1985, Carraher da Schliemann sun wallafa bincike a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil, inda suka gano cewa lissafin da yaran ke warwarewa daidai a bakin ciniki, shi ne suke faɗuwa a kai idan an ba su a takarda. Kafin nan, a 1983, wani masani a Amurka mai suna Hudson ya nuna wa ƙananan yara hoton tsuntsaye da tsutsotsi. Da ya tambaye su da nawa tsuntsayen suka fi tsutsotsin yawa, kaɗan ne suka amsa daidai. Da ya ce tsuntsaye nawa ne ba za su samu tsutsa ba, kusan dukkansu suka dace. Lissafin bai canza ba, lafazin tambayar ne ya canza.

To, idan lafazi na iya rikita yaro a harshen da ya tsotsa a nono, ina ga wanda aka haɗa masa sabon harshe da sabon darasi a lokaci guda?

Abin takaicin shi ne Hausa ta riga ta shimfiɗa wa malami tabarma. Ɗebewa tana cikin ƙidayarmu: muna cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Tarawa ma haka, goma sha uku, arba'in da biyar. Yaron da ya san "saura nawa?" da "cikon nawa?" ya riga ya san fuskoki biyu na ɗebewa tun kafin ya ga alamarta.

Sai dai fassara kaɗai ba ta isa ba. Wata dabara da na sha ji a bakin malamai ita ce koya wa yara farautar kalma: ka ga "ƙara" ka tara, ka ga "saura" ka ɗebe. Mai karatu, duba wannan: Audu yana da wasu awaki, kawunsa ya ƙara masa uku, suka zama takwas, da farko nawa yake da su? Mai farautar kalma zai ce sha ɗaya, alhali biyar ne. Haka nan idan aka ce Binta tana da dabino tara, Ladi tana da shida, da nawa Binta ta fi ta? A nan ba wanda aka ƙwace wa komai, amma ɗebewa ake bukata. Saboda haka wajibi ne yaro ya fara maimaita labarin da bakinsa, ya jera shi da tsakuwa ko ƙwallon dabino, ya zana shi, sannan a ƙarshe ya rubuta lambobi. Kuma malami ya riƙa sauya wurin da aka ɓoye amsa, wani lokaci a ƙarshen labari, wani lokaci a tsakiya ko a farko.

Batun harshen koyarwa kuwa, mun daɗe muna kai-komo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen uwa ko na yankin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da harshen uwa a duk shekarun firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, aka koma Turanci. Ina da ja a kan matakin, amma ko a ƙarƙashinsa ban ga abin da zai hana malamar aji ɗaya a Kusada ta fara warware labarin da Hausa, ta tabbatar an fahimta, kafin ta ɗora kalmomin Turanci a kai ba.

Ba daga tushe za mu fara ba. Shirin RANA, wanda aka gudanar a makarantun Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF, ya samar da labaran Hausa masu ɗauke da lissafi waɗanda ake karanta wa yara. Ina kira ga Hukumar SUBEB ta Jihar Katsina da sakatarorin ilimi na Kankiya da Kusada su kakkaɓe irin waɗannan littattafai su mayar da su aji. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma kuma ta horar da ɗalibanta yadda ake tsara tambayar lissafi da Hausa mai kyau. Mu iyaye ma akwai namu: aike zuwa kanti darasi ne, in dai za mu tambayi yaro yadda ya gano canjinsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gaya wa yana da shekara bakwai cewa lissafi ya fi ƙarfinsa, da wuya ya nemi zama injiniya ko likita yana da sha bakwai. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma gyara.