Yadda Cutar Ƙanjamau Ke Hana Garkuwar Jikin Jariri Ƙosawa

Kowane jariri yakan zo duniya da garkuwar jiki wadda ba ta gama ƙosawa ba. A watanninsa na farko yana dogara ne da kariyar da ya samu daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki, da kuma wadda yake sha a nono, kafin jikinsa ya iya tsare kansa. A wannan tsakanin ne ƙwayar HIV, mai haddasa ƙanjamau, ke yin mummunar ɓarna.

A bayan ƙashin ƙirjin yaro akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira taimos. A nan ne wasu fararen ƙwayoyin jini ke samun horo, su koyi bambanta abin da yake na jiki da abin da yake baƙo. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira CD4, watau masu ba sauran umurni idan cuta ta shigo. To, su ne abincin HIV, tana shiga cikinsu ta hayayyafa, ta kashe su, har ta taɓa ita kanta tsokar da ke horar da su. Baligin da ya kamu ya riga ya gina ganuwarsa, sai a hankali ake rushe ta, shi ya sa yakan yi shekaru ba a ga alama ba. Jariri kuwa tun ana aza tubali aka far wa maginan.

Saboda haka ƙwayar takan yi yawa ƙwarai a jinin jariri, ta kuma daɗe ba ta ragu ba. Sai a ga gudawa ta ƙi tsayawa, bakinsa ya yi fari, ba ya ƙiba, ga ciwon huhu mai tsanani wanda ya fi kama su tsakanin wata 3 zuwa 6. Ko allurar rigakafi, kamar ta ƙyanda, ƙarfinta yakan gushe da wuri, domin jikin ba ya riƙe abin da aka koya masa. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa in babu magani, kimanin ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu ba sa cika shekara guda, rabinsu kuma ba sa wuce shekara biyu.

Amma fa ba a rasa mafita ba. A shekarar 2008 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Soweto da Cape Town na Afirka ta Kudu, inda aka fara ba wasu jarirai magani tun suna mako 6 zuwa 12, wasu kuma aka jira sai garkuwarsu ta fara rauni. Mutuwa ta ragu da kashi 76 cikin ɗari a wajen waɗanda aka yi wa hanzari. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa duk yaron da aka tabbatar ya kamu a ɗora shi kan magani nan take, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau a ido.

Tabbatarwar kuwa tana da ƙa'ida. Gwajin da ake yi wa manya ba ya amfani a nan, domin alamun kariyar uwa sukan zauna a jinin yaro har wata 18. Sai an ɗiga jini daga diddigensa yana mako 6, an nemi ƙwayar ita kanta.

Mafi alheri dai shi ne kada ya kamu tun farko. In ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na mata masu ƙwayar sukan ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. In uwa tana shan magani ba fashi, adadin yakan sauka ƙasa da 5, kuma tana iya shayar da ɗanta.

Don haka muna kira ga magidanta da su bar matansu su je awon ciki, su ma su raka su a gwada su tare. Jin kunyar gwaji ba ya hana cuta, sai dai ya cinye makonnin da ake ceton yaro a cikinsu.