Motar makaranta kyauta a Ingila: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Ingila doka ce ke tantance ɗalibin da za a ɗauka a mota kyauta da wanda zai taka sayyada zuwa makaranta. Inda aka fi kai ruwa rana tsakanin iyaye da hukuma shi ne batun hanya mai haɗari.

Wa ya cancanta?

Dokar Ilimi ta 1996 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin jigilar yara 'yan shekara 5 zuwa 16 zuwa makarantar da ta dace da su mafi kusa da gida. Yaron da bai kai shekara 8 ba zai samu mota idan nisan ya wuce mil 2, wato kimanin kilomita 3.2. Daga shekara 8 zuwa sama, sai ya wuce mil 3. Wannan awo ya samo asali ne tun dokar 1944. Amma ko nisan bai kai haka ba, dole a ɗauki yaro idan yana da buƙata ta musamman da ta hana shi tafiya, ko kuwa hanyar ba ta biyuwa lafiya.

Yaya ake gane hanya mai haɗari?

A nan gizo ke saƙar. Jami'ai kan duba ko akwai gefen masu tafiya a ƙasa, yawan motoci da gudunsu, da wurin tsallaka titi. Sai dai suna awon ne bisa zaton cewa akwai babba tare da yaron.

Tushen wannan wata shari'a ce daga yankin Essex. Iyayen wata yarinya sun ƙi yarda ta bi wata keɓaɓɓiyar hanya marar fitila, wadda ta gaza mil 3 da ɗan kaɗan. A 1986 alƙalan Majalisar Dattawa, kotun ƙolin ƙasar a wancan zamani, suka ba hukuma gaskiya: muddin yaro zai iya bin hanya lafiya da ɗan rakiya, hanyar tana biyuwa. Rakiya kuwa a wuyan iyaye take, ko da dukansu biyu suna sammakon zuwa aiki.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga kasafin ƙaramar hukuma, wanda ya dogara da tallafin gwamnatin tsakiya da harajin gidaje. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 an kashe fam biliyan 2.3 wajen jigilar ɗalibai kusan 520,000. Kaso mafi tsoka na tafiya ne ga yara masu buƙata ta musamman, waɗanda sau tari ake kai su makarantu masu nisa a tasi ko ƙaramar bas. Da aljihu ya matse, wasu hukumomi kan gyara gefen titi ko su kafa wurin tsallakawa, sannan su ce hanya tana biyuwa, su janye motar.

Idan iyaye ba su gamsu ba fa?

Suna da matakin ƙorafi biyu. Da farko wani babban jami'i zai sake duba hukuncin, sannan kwamiti mai zaman kansa ya saurari ɓangarorin. Idan suna ganin ba a bi ƙa'ida ba, sai su garzaya wurin mai sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi. Hujjar da ta fi shiga ita ce wadda ta nuna cewa ko da babba na riƙe da hannun yaron, titin ba ya tsallakuwa.