Ziyarar Unguwar Sabo a Ibadan

Ɗalibin Hausa da ke kudu ba sai ya je Kano ba kafin ya ji harshen a bakin masu shi. Unguwar Sabo da ke Ibadan, kusa da Mokola, ta ishe shi. An kafa ta a 1916 domin Hausawa fatake, masu kawo shanu daga arewa su koma da goro.

In ka je, fara da sallama, ka gaida dattawa. Kada ka yi saurin zaro biro da takarda, sai a ɗauke ka ɗan leƙen asiri, kowa ya kama bakinsa. Zauna wurin mai shayi ka kasa kunne. Za ka ji haifaffun unguwar suna gauraya Hausa da Yarbanci cikin zance guda, abin da littafin nahawu bai tanadar maka ba.