Ƙwaya Da Taɓin Hankali: Mari Ba Magani Ba Ne

A Keffi, kamar sauran garuruwanmu, idan ƙwaya ta juya kan yaro, iyaye kan kulle shi a ɗaki ko su kai shi gidan mari. Rahoton 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya cikin shekara guda a Nijeriya. To, mari nawa zai ishe su?

Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta: majinyaci ya sauka a ƙauye tare da ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti. Keffi kuwa tana da Asibitin Tarayya. Saura dangi su ajiye kunya, su raka nasu wurin likita tun ciwo bai yi nisa ba.